Inna Dije da Kuɓewa Mai Ɗamara

Da an sallame sallar asuba a unguwarmu ta bakin tabki, nan Madarumfa, ƙarar farko da ake ji ita ce ta gugan Inna Dije yana faɗawa rijiyar bayan gidanta. Guga talatin take ja kafin rana ta leƙo. Na sha ƙirgawa daga bayan darninmu tun ina ƙarama, lokacin da kunya ba ta barina in leƙa in gaishe ta. Takan bi fangali-fangali da tulu, tana tare ruwan da tafin hannu don kada ya tone saiwa, tana kuma yi wa shukar magana. Albasa ce ta fi shan faɗa, saboda nawarta. Barkono kuwa ba a yi masa faɗa, in ji ta, yana da nasa zafin. Sai hantsi ya ɗaga take tuna cewa akwai mutane a gidan, ta shigo ta dama musu kunu.

Shekara ashirin da takwas ke nan tana wannan aiki. Bana gwiwa ta ce ta gaji, Inna ta miƙa garkar ga matar ɗanta, Hadiza. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana ji da kunnenta, ko da yake na san in aka karanta mata cewa za ta yi an ɓata takarda.

Garkar ba ta fi taku ashirin ba, amma ba ta taɓa zama fayau ba. Da damina yakuwa da rama da kuɓewa ke cika ta, kabewa ta haye darni ta leƙa gidan maƙwabta, su kuma su yi kamar ba su gani ba har ta nuna. Da kaka rufin ɗakin Inna ya cika da yankakkiyar kuɓewa tana shan rana. In sanyi ya shigo, tabki ya fara ja da baya, sai albasa da tumatir da barkono su karɓi fili. Bazara ce lokacin gwaji. Rijiya ta yi nisa, a ƙara wa guga igiya, a rufe fangali da ƙaiƙayin gero don laima ta daɗe, zogale da gauta kaɗai suke tsaye. A wannan lokacin ne duk matar da ta haihu a unguwa takan tashi ta tarar da ƙwaryar ɗanyen ganye a bakin ƙofarta, ba sallama, ba saƙo.

Amma abin da ya fi komai daraja a garkar nan wata gajeriyar kuɓewa ce, miƙaƙƙiya, wadda kwana arba'in ya ishe ta ta fara 'ya'ya. Yauƙinta kan biyo loma daga akushi har baki bai tsinke ba. Inna tana kiranta 'yar Gabi, don daga can ta fito. A shekarar da fara ta sauka ta cinye gonaki, mutanen Gabi sun ci har irin da suka ajiye. Mahaifiyar Inna ce kaɗai ta ɓoye tafi ɗaya cikin toka, a wani ɗan gora da ta soke a jinka. Ba ta ga damina ta gaba ba. Goran ya zo hannun Dije, kuma da shi aka fara garkar.

Tare da goran ta gaji wata doka. Duk kuɓewar da ta fi miƙewa da cika, ba a cin ta. Inna takan yago jan tsumma ta ɗaura mata a wuya, a bar ta a jikin uwarta har ta bushe, ta fara ƙara in an girgiza ta. Wannan ita ce mai ɗamara, ita ce irin baɗi. Karkatattu da ƙanana su ne na tukunya.

Wanda dokar nan ta fi faɗa wa shi ne maigidanta, Baba Ɗan Azumi, masunci, mutumin da bai san wata miya a duniya ba in ba ɗanyar kuɓewa da kifi ba. Kowa a bakin tabki ya san kukansa. Yakan ce shi ne mijin mai garka, amma bai taɓa ganin miƙaƙƙiyar kuɓewa a akushinsa ba, sai masu doro da masu ƙusumbi. Yakan ce in ya mutu a yi masa ɗamara da jan tsumma, ko Dije za ta dube shi da daraja sau ɗaya. Ita kuwa sai ta ƙara masa miya.

Akwai wata al'ada tata kuma. Duk yarinyar da za a kai ɗakin miji daga unguwarmu, Inna takan je ranar kai amarya ta ƙulla mata ɗan irin 'yar Gabi a gefen zane, da guntun jan tsumma. Ba ta sayarwa, ba ta son godiya. Abu ɗaya take cewa, a ci karkatacciya, a ɗaura wa ta ƙwarai. Ko da wata yarinyar unguwa ta auri wani magini mai suna Kalebu, cikin Kiristocin Maradi, ta koma addininsa, aka riƙa kiranta Keziya, mutane da yawa suka ƙi zuwa rakiya, Inna ta je. Baba Ɗan Azumi ya ce kada ta kai, ta ce kuɓewa ba ta tambayar alƙiblar mai ba ta ruwa. Ta ƙulla wa yarinyar nata, ta dawo.

Labarin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a shekarar da gulbi ya yi ambaliya, bayan yaƙin Turawa. Na ji shi daga bakin mutum uku da suka gani da idonsu, kuma in ban da yawan gugan da Baba ya ja, ba su saɓa a komai ba.

Ruwan shekarar ya haye tabki ya shiga unguwa, ya kwashe darni, ya kwashe fangali, ya rushe ɗakin da goran iri yake. Da ya janye, abin da ya rage na 'yar Gabi gindi bakwai ne kawai, a ɗan tudun da ke kusa da rumbu. Inna ta ɗaura wa bakwai ɗin duka ɗamara a kara, ta ce bana ko karkatacciya ba mai ci. Suna cikin ƙosawa, damina tana ban kwana, sai saƙo ya zo daga Gabi cewa yayanta ya rasu. Ta shirya tafiyar kwana bakwai. Kafin ta fita ta kai maigidan gaban tudun, ta nuna masa da yatsa, ta ce ruwa kawai, safe da yamma. Ya ce ai shi ba yaro ba ne.

Kwana uku da tafiyarta, Audu ya sauka. Audu abokin Baba ne tun suna yara, an ɗauke shi soja, shekara biyar ba labari, har an fara cire rai. Ya dawo da koti mai maɓallan ƙarfe da "wi, wi" ɗin Faransanci a bakinsa. Da aka gama koke-koke da dariya, ya ce duk tsawon shekarun nan, cikin sanyi da ƙarar bindiga, mafarki ɗaya yake yi, tuwon gero da ɗanyar kuɓewar Dije da tarwaɗar tabki.

Baba Ɗan Azumi ya dubi abokinsa, ya dubi bayan gida. Ya ɗauki wuƙa.

Yayarsa Asma'u, wadda ke yi masa girki kafin Inna ta dawo, ita ta ba ni wannan ɓangaren. Ta ce da ya shigo da ƙwarya cike, sai da ta dafa bango.

"Ɗan Azumi, in mutuwa kake so ga tabki nan kusa. Mi ya kai ka garka?"

"Yaya, mutum ya dawo daga bakin kabari, a tarbe shi da miyar kuka?"

Ta gaya masa waɗannan sun wuce ci, sun zama ƙahon akuya. Ya ce ita dai ta dafa, shekara goma sha huɗu yana kallon irinsu daga nesa, yau zai san abin da ake ɓoye masa. Wuƙa ta ƙi yanka su sai da aka haɗa da taɓarya. Aka dafa, aka ƙara kanwa, aka sake dafawa. Miyar ta fito ba yauƙi ko na rantsuwa, ruwa gefe, itace gefe. Audu ya kai loma, ya tauna, ya daɗe yana taunawa, ya riƙa zaro zare daga bakinsa yana jerawa a gefen tabarma kamar mai shirin tufka igiya. Ya yabi kifin sau uku. Da Baba ya matsa masa ya faɗi ra'ayinsa kan kuɓewar, ya ce shi dai ya ci doki a ƙasar Turawa, ya ci dodon koɗi, amma bai taɓa cin abincin da ya rama ba sai yau.

Washegari Baba ya tsaya gaban gindi bakwai tsirara, hankalinsa ya dawo. Ƙwayoyin da suka rage a ƙwarya farare ne, masu taushi, ba za su tsiro ba. Da ya bar shukar a wurin, da ta sake fure, da an samu ko ɗan kaɗan kafin laima ta ɗauke. Amma shi masunci ne, kuma a wurin masunci in koma ta yage ba ta ɗinkuwa, sai a sake wata. Ya tumɓuke bakwai ɗin, ya jefa a tabki don kada a ga shaida. Ya je gonar wani maƙwabci ya roƙi gindi bakwai na doguwar kuɓewar da kowa ke da ita, masu 'ya'ya a jiki, ya dasa a ramukan, ya ɗaura musu jajayen tsummokin, ya share sawunsa da tsintsiya.

Kafin azahar baƙin nan bakwai sun sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki. Baba ya hau jan ruwa. Asma'u ta ce guga sittin a rana, Audu ya ce ɗari, shi Baba ya ce bai ƙirga ba, ya dai san tafinsa ya saɓule. Yana zuba ruwa yana roƙonsu su ɗaga kai ko na yini ɗaya ne.

Inna ta dawo da la'asar ranar ta bakwai. Ba ta ajiye kayanta ba ta wuce bayan gida. Ta daɗe tsaye. Ba ta dubi ganyen ba, ba ta dubi tsawon karan ba, ko da yake makaho ma zai gane. Ta sa hannu ta taɓa tsumman ɗaya.

"Wanga ƙullin koma ne," in ji ta.

Baba ya fara bayani tun daga ranar da aka ɗauki Audu soja. Ta bar shi har ya kai ga tabki. Sannan ta ce, "Da ka bar su a ƙasa, Maigida, da sun yafe maka." Ta zauna a gindin rumbu. Asma'u ta ce ta ji labari a Gabi, gaban mutane, Dije ba ta yi kukan yayanta ba. A nan ta yi shi, ta haɗa da na mahaifiyarta.

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi yaji ba, tuwonsa bai makara ba. Guga ne kawai ya yi shiru. Kwana uku unguwa ta wayi gari ba ƙararsa, har wasu suka makara zuwa gona, albasar da aka yafa ta fara bushewa. Baba ya ce da ta ɗauki taɓarya ta rotsa masa kai da ya fi masa sauƙi. A rana ta huɗu ya rataya buzunsa, ya sa Asma'u ta lissafa masa duk amaren da aka ƙulla wa iri da garuruwan da aka kai su, ya kama hanya.

Sai mai karatu ya auna abin da idonsa. Dattijo mai furfura a gemu yana sallama ƙofa-ƙofa, yana tambayar magidanta ko matansu na nan da abin da aka ƙulla musu a zane ranar aure. A wani ƙauye maigidan ya tambaye shi mene ne tsakaninsa da matarsa. Baba ya ce kuɓewa. Mutumin ya shiga ya fito da sanda. A Ɗan Issa ya sami wadda ta shuka, amma ta cakuɗa da wani iri na kasuwa, abin ya fito dogo kamar sandar makiyayi. Wata ta ce ƙwari sun cinye nata, wata ta ce ruwan bana ya tafi da shi, wata kuma ta rantse tana ɗaura tsumma, sai dai mijinta ma mai son miya ne. Baba ya ce shi da wannan mijin sun daɗe suna kallon juna. Gida tara ya shiga. Suna ɗaya ya rage, na yarinyar da ya ce kada a ba.

Maradi ma ruwa ya ci ta a shekarar, mutane suna ta komawa kan tudu. Sai da ya yini yana tambaya kafin a nuna masa gidan Kalebu, wanda dama a saman tudun yake. Keziya ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta zagaya da shi bayan ɗaki. Ga su nan a jere, gajeru, miƙaƙƙu, biyar daga ciki da jan tsumma a wuya. Baba ya miƙa hannu bai sani ba. Keziya ta sha gabansa.

"Baba, mai ɗamara ce."

"Na sani, ɗiyata. Duk ƙasar nan ba wanda ya kai ni sani."

Ta ce za ta ba shi biyar ɗin duka, ta ɗaura wa wasu, amma Inna ta ce ba a cirewa sai ta yi ƙara, kuma da saura kamar kwana takwas. Ta ce ya koma gida, ita za ta aiko. Baba ya ce ba ya taka Madarumfa hannu wofi. Ya shimfiɗa buzunsa a inuwar darni, ya zauna. Kwana takwas yana nan, Kalebu yana kawo masa ruwan alwala, shi yana korar awakin unguwa da kaji. Ranar Lahadi da mutanen gidan suka tafi majami'a, shi aka bar wa gadi. Kowace safiya yakan ɗan ƙwanƙwasa kuɓewar da farce ya kasa kunne, Keziya tana leƙensa ta taga don kada zumuɗi ya sake kai shi.

Ranar da ta yi ƙara, Keziya ta cire masa biyar ɗin. Ya shigo Madarumfa da hantsi, kai ba hula, hular tana hannunsa biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Mutane suka riƙa tambaya wa ya rasu. Ya wuce su har gindin rumbu, ya ajiye hular gaban Inna. Ta ɗauki ɗaya ta girgiza a kunne. Ta fasa ta, ta murza baƙaƙen ƙwayoyin a tafinta, ta daɗe tana kallo. Ta tambayi daga ina, ya ce daga Keziya. Ta ce, ɗiyar nan da wani ya ce kada a ba? Baba ya ce shi bai tuna an yi haka ba. Ta tashi ta ɗebo toka da sabon gora. Da asuba unguwa ta ji guga.

Ke ce, Inna, kika gane abin da mu da muka zauna a aji ba a koya mana ba. Irin da kika ɓoye a gora ruwa ya ci, wanda kika killace a bayan gida wuƙa ta ci, wanda kika ƙulla a zanen 'yar mutane kika sallama, shi ne ya dawo ya same ki. Ke ce kika je rakiyar da wasu suka ƙi zuwa, ba ki san ranar za ta biya ki ba, ba don haka kika je ba. Dije uwar garka, mai ba da iri ba a roƙa ba. A shekarar yunwar da aka rayu da garin rogo, busasshiyar kuɓewarki da yakuwarki ne suka sa garin ya haɗiyu a gidaje da yawa na unguwar nan, namu yana ciki. Yau in mutum ya bi hanyar Gabi da kaka, zai ga jan tsumma yana lilo a bayan gidajen da ba su taɓa jin sunanki ba. 'Yar Gabi ta koma garinsu a zanen wata amarya.

Ranar da ta miƙa garkar ina wurin, a bakin darni. Ta ba Hadiza goran, ta ba ta ƙunshin tsummoki, ta nuna mata ƙullin sau biyu, ta ce kada ta yarda wani masunci ya koya mata nasa. Sannan ta yi abin da ba a taɓa gani ba. Ta bi layin da kanta, tana dafa sanda, ta zaɓi ɗanyun kuɓewa 'yan shila goma sha biyu, waɗanda suka fi kowanne miƙewa, irin waɗanda gobe za a yi wa ɗamara, ta yanke. Ta dafa da tarwaɗa, ta ajiye gaban Baba Ɗan Azumi, wanda haƙoransa uku suka rage.

Ya dubi akushin, ya dube ta. Bai wanke hannu ba.

"An ɗebi iri?"

Sai da Hadiza ta kawo goran ta girgiza masa a kunne, ta kuma nuna masa jajayen tsummoki shida a can ƙarshen layi, sannan ya yi bisimilla. Ya kai loma, yauƙin ya biyo shi har baki. Ya ƙara ta biyu, muna ta jira.

"Dije, ai ɗanɗanonsu ɗaya da karkatattun."

"Na sani," in ji Inna. "Shi ya sa ban taɓa jin tausayinka ba."

Ya cinye tas, ya suɗe akushin.

Mun gode, Inna. Allah ya ba gwiwa sauƙi, ya sa ki daɗe kina zaune a gindin rumbu kina yi wa albasar Hadiza faɗa. Mu kuma da ke da ɗan fili a bayan ɗaki, ko taku biyar ne, mu tona mu shuka. In ta yi 'ya'ya mu ci karkatacciya, mu ɗaura wa ta ƙwarai, in ta bushe mu ƙulla wa duk mai fita daga unguwa, har wadda aka ce kada a ba. Wata rana wani zai zo ƙofarta, kai ba hula.